Yaushe ake fara taɓa 'yan kyanwa, kuma yaushe ake raba su da uwarsu?

Mai shagon hatsi, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kyanwar da na ajiye a sito saboda ɓeraye ta haihu a bayan buhunan masara, 'ya'ya huɗu, kuma har yanzu idanunsu a rufe suke. A haihuwarta ta baya mun bi maganar manya, ba mu taɓa 'ya'yan ba don kada ta ƙi su, sai suka tashi da gudun mutane, duk wanda ya miƙa musu hannu sai huci da yakushi. Ina so in sani ko wannan hali gado ne ko rashin sabo, sannan yaushe zan iya ba maƙwabcina ɗaya, domin ya riga ya roƙa.

Malamin dabbobi, Marwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Yawancin abin da ka gani rashin sabo ne, ko da yake halin muzurun da ya haife su yana da nasa tasiri. Ɗan kyanwa yakan zo duniya ba ya gani, ba ya ji, nauyinsa bai wuce kimanin giram 100 ba, ba ya iya ɗumama jikinsa, kuma ko fitsari ba ya yi sai uwar ta lashe masa ƙarƙashin wutsiya. A wannan mataki hanci da ɗumin jikin uwa ne kaɗai suke kai shi ga nono, don haka a ƙyale su, a dai tare musu iska. Idanu sukan buɗe tsakanin kwana 7 da 10, kuma wajen mako 3 za ka ga sun fara takawa suna tangaɗi.

Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne daga mako 2 zuwa mako 7, kamar yadda binciken wata masaniyar halayyar kyanwa, Eileen Karsh, ya nuna a Amurka a shekarun 1980. A tsakanin nan ne ɗan kyanwa yake tantance abin tsoro da abin da ba na tsoro ba, saboda haka wanda aka riƙa ɗauka kullum na 'yan mintuna, ana shafa shi ana yi masa magana, shi ne yake girma yana neman mutane da kansa. Ya fi kyau hannaye su bambanta, wato kai da yaran shago da wani ƙaramin yaro mai natsuwa, yana zaune a ƙasa don kada ya yar da shi. In wannan lokaci ya wuce ana iya samun sabo, amma da wahala, kuma sau da yawa da mutum ɗaya kawai.

Uwargida, Ngaundere:

Malam ya yi bayani, amma maganar manya ba ta rasa tushe ba. Kyanwar da ta saba da gida ba ta ƙin 'ya'yanta don an taɓa su, sai dai idan aka dame ta da leƙe da hayaniya, za ta cafke su a ƙeya ɗaya bayan ɗaya ta sauya musu wuri, wani lokaci inda hannu ba ya kai wa. A ɗauke su tana kallo, a mayar mata da su da zarar ta nuna damuwa. Kuma Alhaji, kada a ba su madarar shanu, duk da arharta a wajenmu, domin zawo take sa su.

Ɗan kasuwa, Njamena:

Tunda farauta ake so, ina ganin batun rabuwa ya fi komai nauyi. Wajen mako 4 uwar takan fara kawo musu mataccen ɓera, daga baya ta kawo mai sauran numfashi ta sake shi a gabansu, su bi shi suna dannewa yana kuɓucewa. Kokawar da suke yi da juna kuma a nan suke koyon sassauta cizo da mayar da farata, domin wanda ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi zai ji ƙara, wasan kuma ya tsaya. Saboda haka maƙwabcinka ya yi haƙuri har su kai mako 8, in da hali ma 12, lokacin da za a iya yi musu allurar rigakafin ciwon haukan kare. Kafin nan a kwashe duk wani maganin ɓera daga siton, domin ɓeran da ya ci guba shi ne ya fi sauƙin kamu, kuma shi uwar za ta kai wa 'ya'yanta.