Kwanukan takarda da ɗalibaina suka yi sun yi fumfuna, ina neman shawara

Malama Hadiza, Gwale:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malama ce a wata makarantar firamare a nan cikin birni, kuma tun zangon karatun da ya wuce aka ɗora mini darasin fasaha da al'adu na aji biyar, ajin da ke da yara sama da saba'in. Na tarar da wata al'ada da ba ta kwanta mini ba, wato idan lokacin aikin hannu ya yi, kowane yaro yakan sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa ya kawo, a rubuta masa maki, alhali hannunsa bai taɓa komai ba. Saboda haka na yanke shawarar mu yi aiki da takarda, tunda ita ce abin da ba ya yanke mana, kuma ba sai na ɗora wa iyaye nauyin sayen kaya ba.

A watan Yuli muka jiƙa tsofaffin jaridu da littattafan rubutun da suka cika, muka kirɓa su a turmi, muka kwaɓa da sitaci, sannan muka lulluɓe bayan kwanukan silba da kwaɓin domin ya ɗauki siffarsu. Yaran sun yi murna ƙwarai, har wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta dinga zuwa da sassafe tana taɓa nata da yatsa don ta ji ko ya bushe. Bayan kwana biyar sai muka tarar duk sun yi baƙar fumfuna suna tsami, 'yan kaɗan da suka tsira kuma kyankyasai suka gwaguye bakinsu a cikin kabad. Ranar na ga hawaye a idon yarinyar nan, abin ya tsaya mini a rai har yau.

Tambayata biyu ce. Ta farko, ina kuskuren yake, kuma yaya zan gyara shi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba? Ta biyu, wasu iyaye sun nuna ba sa son a koya wa 'ya'yansu ƙera siffar abu mai rai, to waɗanne abubuwa ne za a iya naɗewa ko yankawa da takarda waɗanda za su ƙayatar da yara kuma su ƙaru da su? Allah Ya saka da alheri.

Malam Ibrahim, Fagge:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba da ladan ƙoƙari. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a ƙaramar sakandare, kuma abin da ya same ku ya taɓa samuna. Babban kuskuren shi ne lokaci, domin Yuli da Agusta su ne tsakiyar damina a Kano, iska cike take da laima, sitaci kuwa abinci ne, duk inda ya kwana uku a jiƙe sai ya yi tsami. Ki jira hunturu ya kama, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, za ki ga kwanon da ya ƙi bushewa a mako guda ya bushe cikin kwana biyu.

Na biyu shi ne kauri da ruwa. Bayan an kirɓa takardar, a zuba ta cikin tsohon zane a murɗe da ƙarfi har sai ruwan ya daina ɗiga, kafin a haɗa ta da sitaci. Shi ma sitacin a dama shi kamar na guga: a kwaɓa garin da ruwan sanyi, a sheƙa tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kauri ya koma garai-garai, a sa gishiri kamar cokali guda a kowane kofi, domin gishiri yana rage saurin fumfuna. Kada kaurin kwaɓin a jikin kwano ya wuce rabin santimita.

Amma ga yara saba'in da turmi ɗaya, na fi son hanyar liƙe. A yayyaga jarida tsiri-tsiri da hannu, faɗin yatsu biyu, ba da almakashi ba, saboda yagaggen baki ya fi kwanciya a kan ɗan'uwansa. Za ki lura jarida tana yagewa a miƙe ta fuska ɗaya, ta ɗaya fuskar kuma tana karkacewa, wannan kuwa saboda injin da ya yi ta ya kwantar da zarurrukanta ne ta fuska guda, kuma yara suna jin daɗin gano haka da kansu. A lulluɓe bayan kwanon da leda ko a shafa masa man shafawa, a jera tsirin da aka tsoma a sitaci hawa biyu, na biyun ya gilma na farko, a bari ya bushe sarai, washegari a ƙara hawa biyu, har a kai shida. A shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, domin rana mai zafi tana lanƙwasa bakin kwano. Idan ya bushe a goge shi da sanfefa, a shafa farin fentin ruwa, a yi ado, sannan a rufe ciki da waje da man da kafintoci ke shafa wa katako don ya yi sheƙi. Wannan rufin shi ne maganin kyankyaso, tunda ba ya kaiwa ga sitacin. A kuma ja kunnen yaran cewa kwanon na ajiye ƙananan kaya ne, ba na zuba abinci ko ruwa ba.

Alhaji Garba, Madabo:

'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Bayanin Malam Ibrahim ya wadatar a kan kwaɓi, ni abin da zan ƙara shi ne a kan takardar kanta. Kafin a jiƙa komai, ki zauna da manyan yaran ku tantance takardun shafi-shafi, domin jaridunmu na Hausa da littattafan yara na darasin addini ba sa rasa aya ko hadisi ko sunan Allah, kuma bai kamata irin waɗannan su shiga turmi ba. A ware su gefe, a ba malamin addini na makarantar ya san yadda zai yi da su. Idan iyaye suka ji kina wannan kiyayewar, zukatansu za su natsu da sauran aikin.

Mahaifina marubucin Alƙur'ani ne, kuma na tashi ina kallon yadda yake mu'amala da takarda. Yana da wasu tsofaffin warƙoƙi da ya gada a cikin gafaka, idan ya ɗaga ɗaya ya saita ta da hasken ƙofar zaure, sai ka ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar, ba da tawada aka zana su ba. Wannan takarda a Italiya ake yin ta, ta bi ta Tarabulus ta keto Sahara a bayan raƙuma har Kasuwar Kurmi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ambaci takarda mai alamar wata uku cikin kayan da ake shigowa da su da yawa, ya kuma ce da ita ake naɗe tufafin da aka yi a ƙasar nan. Asalin sana'ar kuwa daga Sin take, inda tarihi ya danganta ta ga wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun a shekara ta 105 miladiyya, daga baya ta iso Samarƙand da Bagadaza a ƙarni na takwas, kafin ta shiga Turai. Ki ba yaran wannan labari yayin da hannunsu ke cikin aikin, su san cewa abin da suke yagewa ya taɓa zama hajar da ake tafiyar watanni domin ta.

Game da tambayarki ta biyu, hukunci na malamai ne, amma ba ki da ƙarancin abin yi. Zayyanar da ake yi wa allon sauka da wadda ake ƙawata farkon sura da ita duk layuka ne da da'irori da murabba'ai masu sarƙe juna, haka ma dagin da ke jikin soraye da riguna. Mahaifina da zare da tsinke yake fitar da da'ira, tawadarsa kuma gawayi ne da ƙaro, alƙalaminsa na gamba. Ki nemi wani mai zayyana a unguwarku ya zo aji ko da sau ɗaya ne, ya nuna wa yaran yadda ake raba fili gida-gida kafin a cika shi da launi.

Maman Nabila, Tarauni:

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni ba malama ba ce, ina dai yin kwalayen kyauta da furannin takarda na biki a gida, kuma shawarata ita ce kada ki zauna jiran hunturu, ki fara da naɗi tun yanzu, tunda shi ba ya buƙatar sitaci ko gam, kuma yaro zai koma gida da abinsa a ranar.

Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Idan aka kamo kusurwa ɗaya aka kwantar da gajeren gefe a kan dogon, aka yage abin da ya saura, an sami murabba'i mai santimita 21 ta kowane gefe. Daga nan a kai kusurwoyi huɗun tsakiya, a naɗe gefuna, a ɗaga bango, sai ga ƙaramin akwati mai faɗin santimita bakwai da ɗoriya, idan aka yi na biyu da takardar da aka ɗan rage mata girma, babban ya zama murfi. Ragowar tsirin nan ma ba a zubar da shi, ana yanka shi sirara a saƙa kamar tabarma, launi biyu suna hawa suna sauka. Murabba'i biyu kuma, idan aka ɗora ɗaya a kan ɗaya aka juya na sama da digiri 45, sun ba da tauraro mai tsini takwas, wanda zai dace da zayyanar da Baba Alhaji ya ambata, kuma a nan yaro zai ga da idonsa yadda kusurwa mai digiri 90 take rabewa biyu. Ga jirgin ruwa, ga fanka mai juyawa a kan kara, ga ambulan.

Mutanen Japan suna kiran wannan fasaha origami, kuma wani gwaninsu, Akira Yoshizawa, wanda ya rasu a 2005, shi ya shimfiɗa tsarin alamomin da ake nuna naɗi da su, wato ɗigaggun layuka da kibiyoyi, don haka za ki iya bin zanen a intanet ko da ba kya jin harshen da aka yi bayanin da shi. Abu ɗaya da zan jaddada: a danne kowane naɗi da farce har ya yi kaifi, domin idan na farko ya karkace duk na bayansa sai sun karkace. Ga aji mai yawa, ki fara koya wa yara goma bayan an tashi, kowannensu ya riƙe layi ɗaya, ke kuma ki tsaya a gaba da babban kwali kina nunawa. Takarda mai launi kuwa, ki je wurin masu buga takardu ki tambayi guntayen da injin yanka ya bari, ni a wurinsu nake samun nawa.

Malama Hadiza, Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baba Alhaji, na bi maganarka, mun zauna da yara shida mun tantance takardun, kuma mun fitar da shafuka masu yawa da ban san suna ciki ba. Jiya Laraba muka yi akwatin, yara 58 suka gama nasu da murfi, sauran za mu ƙarasa ranar Litinin. Yarinyar da na ba ku labari tana cikin goman da na fara koya wa, ita ce ta riƙe layin baya. Kwanukan kuma mun ɗage su zuwa makon farko na Disamba, Malam Ibrahim, na riga na sa an fara tara ledar lulluɓi da tsofaffin kwanuka, sai dai ina so ka faɗa mini ko galan ɗaya na farin fentin zai ishi kwano saba'in.