Shin wajibi ne in sayi babbar kyamara kafin taron koyon ɗaukar hoto?

Mai Rubutun Tafiya:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina rubuta labaran tafiye-tafiye, amma ban taɓa ba hoto muhimmanci ba sai da wani edita ya dawo mini da aikina, ya ce rubutun ya yi, hotunan ne ba za su shiga shafi ba, domin waɗanda na ɗauka da yamma sun yi dishi-dishi, na rana tsaka kuma inuwa ta cinye fuskokin mutane. Yanzu na yi rajistar wani taron horaswa na kwana uku da aka shirya wa marubuta irina. Shin in je da wayata, ko in sayi kyamara mai sauya gilashi kafin ranar? Kuma me ya kamata in nace a koya mini?

Tsohon Mai Hoto:

Wa alaikumus salam, Malama. Duka aibobin da editan ya ambata na haske ne, kuma sabuwar kyamara ba za ta yi maganinsu ba muddin ita ke zaɓar miki komai. Idan haske ya ragu da yamma, kyamara takan bar marfinta, wato abin da yake buɗewa haske ya shiga, a buɗe na tsawon lokaci, kamar 1/15 na daƙiƙa, kuma a wannan ɗan lokacin ko numfashinki ya isa ya girgiza hoton. Tsohuwar ƙa'idarmu ita ce, idan gilashinki mai milimita 50 ne kuma a hannu kike riƙe da kyamarar, kada saurin marfin ya gaza 1/50. Idan kuwa mutum ne yake tafiya, ki kai shi 1/250.

Hasken da kika rasa sai ki nemo shi ta hanya biyu. Ta farko ita ce faɗaɗa ƙofar haske, inda lambobin suke rikita sabon shiga, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa: f/2.8 tana shigar da haske ninki takwas na f/8, sai dai bayan hoton zai narke, wato ya yi dishi-dishi. Ta biyu ita ce ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, daga 100 zuwa 800 ko 1600, ki haƙura da ɗan tsaki-tsakin da zai bayyana. Ki roƙi masu koyarwar su bar ki ki ɗauki abu guda sau goma, kina sauya ɗaya daga cikin ukun nan kowane karo. Yawancin wayoyi ba sa sauya ƙofar haskensu, saboda haka shawarata ki ari kyamara, ki jinkirta saye har sai kin san abin da hannunki yake so.

Mai Tace Shafi:

Na yarda da bayanin Malam, amma ni da hotuna suke zuwa teburina ba zan raina waya ba. Cikakken shafin A4 da za a buga da ɗigo 300 a kowane inci yana bukatar fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato ƙasa da megafiksel 9 (fiksel miliyan tara), kuma wayoyi da yawa suna da 12 ko fiye. Abin da yake kashe hoton waya sau da yawa shi ne hanyar aikawa, domin WhatsApp yakan matse shi idan ba a matsayin fayil aka tura ba.

Abin da ya fi ba ni ciwon kai kuwa shi ne marubuci ya aiko hotuna talatin, dukansu a kwance, babu ko ɗaya a tsaye da zai dace da bangon mujalla, babu kuma mai sararin da za a ɗora kanun labari. Ga shi babu bayanin wane ne a ciki, ko ina ne, ko yaushe. Ke marubuciya ce, 'yar'uwa, nan ne kika fi masu hoto da yawa, saboda haka ki rubuta bayanin kowane hoto a ranar da kika ɗauke shi.

Matafiyi:

Na taɓa halartar irin wannan taro, kuma zaman da ya fi amfanata shi ne na dare, lokacin da aka haska hotunanmu a bango kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Akwai wani hoton mai kwalekwale da nake ji da shi, sai mai koyarwar ya nuna mini da yatsa cewa wani turke ya fito daidai saman kan mutumin kamar ƙaho, alhali taku biyu zuwa hagu da ya kawar da shi. Tun daga ranar nake duba gefunan hoto kafin in danna.

Game da inuwar rana tsaka, ki koyi ɗauka a tsarin RAW, wanda yake adana bit 12 ko 14 na bayanin haske, JPEG kuwa, tsarin da aka saba, 8 kawai, don haka a manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko darktable ana iya farfaɗo da fuskar da ta yi duhu. Amma ya fi sauƙi ki nemi izinin mutumin, ki ja shi bakin inuwa, ko ki jira la'asar sakaliya. Ki tafi da memori biyu da ƙarin batir, domin fayilolin RAW suna da cin wuri.

Mai Rubutun Tafiya:

Na gode ƙwarai. Na samu aron kyamara mai gilashin milimita 35, kuma zan riƙe wayar a gefe. Malam, shin a wannan gilashin 1/40 ya wadatar, ko in tsaya a 1/60 tunda hannuna bai saba ba?