Tambaya kan Joseph Medill Patterson da jaridarsa ta Daily News

Ummu Hanan, Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman bayani kan Ba'amurken nan Joseph Medill Patterson. Na ga an ce marubucin ƙagaggun labarai ne da wasan kwaikwayo, har da ra'ayin gurguzu, sai kuma ga shi ya kafa jaridar da ta fi kowace kasuwa a Amurka a zamaninsa. Ta yaya hakan ya faru? Kuma me ya yi takamaimai da sauran masu jarida ba su yi ba?

Baban Sadiƙ, Riyad:
Wa alaikumus salam Hajiya. A cikin zuri'ar masu jarida aka haife shi, a Chicago, a 1879. Kakansa na wajen uwa, Joseph Medill, shi ne mai Chicago Tribune, mahaifinsa kuma edita ne a can. Ya gama jami'ar Yale a 1901, ya shiga siyasa, ya riƙe kwamishinan ayyuka na birnin Chicago, sai ya ajiye muƙamin a 1906 ya ce shi ɗan gurguzu ne. Shekarun da suka biyo baya ne na adabi: littafin A Little Brother of the Rich a 1908, inda ya caccaki attajirai irin danginsa, da wasan The Fourth Estate a 1909, wanda kan aikin jarida ne.

Mahaifinsa ya rasu a 1910, Tribune ta dawo hannunsa da na Robert McCormick, wanda iyayensu mata 'yan gida ɗaya ne. A nan matsala ta fara. Ra'ayinsu bai zo ɗaya ba, har suka koma karɓa-karɓa: wannan ya riƙe shafin sharhi wata guda, wancan ya karɓa wata mai zuwa. Mai karatu ya rasa ina jaridar ta dosa. Wata jarida a wani gari ita ce mafita.

Malam Na-Madina:
Bari in ɗora daga inda Baban Sadiƙ ya tsaya, don amsar tambayarki ta biyu tana nan. Lokacin yaƙin duniya na farko Patterson ya yi aikin soja a Faransa, ya kai kyaftin a rundunar igwa. A Landan ya ga jaridar Daily Mirror, ya kuma gana da Lord Northcliffe, babban mai jaridu na Ingila, wanda ya nuna masa cewa irin wannan 'yar ƙaramar jarida mai hotuna za ta ci kasuwa a New York. Ranar 26 ga Yuni 1919 jaridar Patterson ta fito a New York da sunan Illustrated Daily News, a kan senti 2, ana buga ta da injin haya na wata jaridar yamma.

Girman takarda shi ne abu na farko. Ki ɗauki jaridar Okaz ta Saudiyya ki naɗe ta biyu, kusan girman ke nan. Ma'aikacin New York a tsaye yake tafiya cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, hannu ɗaya riƙe da madauri, babbar jarida ba ta buɗuwa a wannan cunkoso. Sai shafin farko: hoto ɗaya babba da kanun labari na kalmomi kaɗan, yadda mai wucewa zai karanta daga nesa. Labarai gajeru, da Turancin da baƙon da bai daɗe da sauka ba zai gane, domin birnin cike yake da 'yan ci-rani.

Amma kar ki ɗauka ta karɓu nan take. Watanni biyu da fitowa ciniki ya faɗi ƙasa da kwafi dubu 30, kwantai na dawowa, manyan shaguna sun ƙi ba ta talla don suna ganin jaridar talakawa ce. Kuɗin Tribune ne suka riƙe ta. A tsakiyar shekarun 1920 ta wuce kowace jarida a ƙasar, ta haura miliyan ɗaya. A 1924 wasu manyan masu jarida, Hearst da Macfadden, kowa ya fito da tasa don kwaikwayo, a 1925 kuma Patterson ya tare a New York gaba ɗaya.

Inda ni nake ganin hannun mai wasan kwaikwayo shi ne a labaran zane masu ci gaba kullum. Shi ke zama da masu zanen yana gyara musu zubi. Chester Gould ya kawo ɗan sandansa da wani suna, Patterson ya mai da shi Dick Tracy a 1931. A Gasoline Alley, wanda hirar mota ce ta maza, ya sa aka ajiye jariri a bakin ƙofa a 1921 don mata su shigo karatu. Dabarar ita ce a yanke labari a daidai inda ya yi daɗi, gobe mutum ya sake fitar da senti biyunsa.

Hajiya 'Yar Makka:
Malam, bayani ya yi, amma a faɗa mata ɗaya ɓangaren. A Janairun 1928 aka zartar wa wata mata mai suna Ruth Snyder hukuncin kisa a kujerar lantarki a kurkukun Sing Sing, kuma an hana shiga da kyamara. Jaridar ta ɗauko mai hoto Tom Howard daga wani gari don masu gadi ba su san fuskarsa ba, aka ɗaura masa 'yar kyamara a idon sawu, waya ta bi ta cikin wando zuwa hannunsa. Washegari hoton matar ya cika shafin farko. An yi ciniki, amma wallahi wannan cin mutuncin mai mutuwa ne, kuma ba zan kira shi ƙwarewa ba.

Ba kuma duk abin da ya taɓa ne ya yi albarka ba. Mujallar Liberty da suka kafa da McCormick a 1924 asara ta yi ta ja har suka sayar a 1931. Ya goyi bayan Shugaba Roosevelt shekaru, suka ɓata a 1941 kan shirin tallafa wa Ingila da makamai. Ya rasu a Mayun 1946.

Baban Sadiƙ, Riyad:
Gaskiya ne Hajiya. Ƙari ɗaya ga Ummu Hanan, in za ki bi zuri'ar: ƙanwarsa Cissy ita ta riƙe jaridar Times-Herald a Washington, 'yarsa Alicia kuma ta kafa Newsday a 1940, ita ma da ƙaramar takarda irin ta mahaifinta.