Na bar dikoda na koma intanet gaba ɗaya, ko na haɗa biyu?

Abban Khalifa, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Gida ne mai mutum shida, talabijin na aiki kamar awa biyar a rana. Uwargida finafinan Hausa masu dogon zango take bi a YouTube, yara katun, ni kuma ƙwallo da labarai. Kuɗin dikoda na ƙaruwa, tashoshin da ake kallo a ciki ba su fi huɗu ba. Idan na cire dish na sa rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, zai fi sauƙi? Me zan saya?

Injiniya Ɗan Ikeja:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka sayi komai, yi lissafin data, don a nan yawancin mutane ke shiga matsala. Dikoda kuɗinta ɗaya ne ko ta kwana tana aiki. Intanet kuwa kowace awa da cinta.

Awa biyar a kwana talatin awa 150 ke nan. A ƙididdigar Netflix, hoto matsakaici na cin kusan 1GB a awa, HD har 3GB, 4K har 7GB. Wato tsakanin 150GB da 450GB a wata ko ba a taɓa 4K ba, ban da wayoyin gida da za su hau rautar, kuma tabbas za su hau. YouTube a 480p, wato ƙaramin ingancin hoto, na cin kamar rabin 1GB a awa. A waya hoton ya wadatar, amma a talabijin mai inci 43 za ka ga ya ɗan yi dishi-dishi. Ka tuna kuma tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50.

Gudun intanet ba shi ne abin damuwa ba: 5Mbps ya isa HD, 15Mbps ya isa 4K. Abin dubawa shi ne tsarin data da ake kira mara iyaka. Da yawa suna da adadin da in ka kai shi sai a rage maka gudu har ƙarshen wata. Tambayi adadin kafin ka biya. Idan faiba, wato intanet ta waya da ake ja har cikin gida, ta iso layinku ita ta fi tsayawa daram. Idan babu, ari rautar 4G ko 5G ka gwada a cikin falon da ƙarfe takwas zuwa goma na dare, lokacin da kowa ya dawo daga aiki ya hau sabis. Gwajin hantsi ba ya nuna gaskiya.

Maman Ilham, Idi-Araba:
Alhaji, abin da ke cinye data a gida mai yara ba fim ɗin da aka zauna kallo ba ne, wanda ke ci gaba da kunna kansa ne bayan kowa ya tashi. A kashe wannan tsarin a YouTube da Netflix. A saita ingancin hoto da hannu, don in aka bar shi ya zaɓa da kansa, mafi girma yake ɗauka muddin sabis na da ƙarfi. Shirin da ake bi mako-mako a sauke shi a waya da garaɓasar dare, washegari a kalla ba tare da data ba.

Sannan batun tarbiyya. A dikoda ka san tashar da yaro ke kai. A intanet bidiyo ɗaya ke jawo wani, ba ka san inda zai kai shi ba. A buɗe wa yara nasu ɓangaren, a sa lambar sirri a na manya, kuma kallon ya kasance a falo.

Mai Gyaran Lantarki, Alaba Rago:
Ni shawarata kada ka cire dish ɗin, saboda ƙwallo. Wasa kai tsaye ta intanet yakan makara da daƙiƙa 20 zuwa 40, wani lokaci fiye. Gidan kallon unguwa zai kaure da ihun an ci, kai kuma ƙwallo na tsakiyar fili. Kowanne kuma da lokacin da yake ba da kunya: ruwan Legas mai ƙarfi na ɗauke siginar dish, intanet kuma an ga yadda ta yi rauni a Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke. Sauka zuwa ƙaramin tsarin dikoda, ka hau babba a watannin da gasar da kake bi ke gudana. Arewa24 ma ana kama ta kyauta a tauraron ɗan'adam idan mai saiti ya san aikinsa.

Kayan aiki: idan talabijin ɗinka ba ta hawa intanet amma tana da ramin HDMI, ƙaramin akwatin Android ko sandar da ake soka mata ya isa. Nemi mai RAM aƙalla 2GB da shaidar Widevine L1, wato ta tsarin kare finafinai daga sata. In babu ita, Netflix ba zai ba ka HD ba komai ƙarfin sabis ɗinka, kuma yawancin masu arahar nan ba su da ita. Sa mai shago ya kunna ka gani kafin ka ba da kuɗi. Akwatin da aka ce an cusa masa dubban tashoshi kyauta, rabu da shi. Na sata ne, ranar babban wasa yake tsayawa cak, wasu kuma da muguwar manhaja a ciki suke zuwa.

A gidan haya mai ɗakuna da yawa, zangon Wi-Fi na 2.4GHz cike yake da rautocin maƙwabta. Haɗa talabijin da 5GHz, amma shi ba ya ratsa bango sosai, don haka rautar ta zauna a falo, a sama, kusa da taga. Abin da ya fi duka shi ne wayar Cat6 daga rauta zuwa talabijin. Ka kuma sayi ƙaramin batirin rauta mai 12V, don duk sanda aka ɗauke wuta aka koma janareta sai rautar ta yi minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo. Duba bayanta tukuna, wasu 9V ne, in ka ba su 12V za su iya ƙonewa.

Abban Khalifa, Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Injiniya, in na sa YouTube a 480p na bar ƙwallo a dikoda, 100GB zai kai wata?

Injiniya Ɗan Ikeja:
Zai kai idan talabijin ce kaɗai a kai: awa huɗu a rana kusan 60GB ne. Wayoyi su ne za su cinye sauran. Shiga saitin rautar ka duba cin kowace na'ura bayan mako guda, ka ninka sau huɗu, sannan ka zaɓi tsarin wata.