Neman shawara: an ce ƙwayar cutar da ta kama Baba ba ta jin magani

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwanan Babanmu 19 a sashen kulawa ta musamman. Duwatsun matsarmama ne suka jawo masa kumburi mai tsanani a fankiriyas (wata gaɓa ce a bayan tumbi da ke taimaka wa narkar da abinci). Har ya fara samun sauƙi, sai zazzaɓi ya dawo. Hoton CT ya nuna wani ɓangaren fankiriyas ɗin ya mutu, gwaji kuma ya nuna ƙwayar Klebsiella wadda ba ta jin meropenem, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake masa. Yayanmu ya dage a yi tiyata yanzu, likitoci sun ce a dakata. Hankalina ya kasa kwanciya, don Allah mai sani ya taimaka.

Wani likita: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Dakatawar nan ba sakaci ba ce. Mataccen naman yakan ɗauki kusan mako 4 kafin jiki ya kewaye shi, ya rabu da mai rai. In aka buɗe ciki kafin nan, haɗarin zubar jini da mutuwa ya fi yawa. Abin da ake fara yi shi ne a zura siririyar roba a tsotse mugunyar. A binciken PANTER da aka yi a Holan, aka wallafa a 2010, kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiyar robar kaɗai ta ishe su. Magani ba ya shiga mataccen nama sosai, tunda jini ba ya kai wa can. Ku tambayi likitocinsa: yaushe za a sa robar, kuma wane magani gwajin ya nuna yana kashe ƙwayar? Wata Klebsiella na jin ceftazidime-avibactam, wata sai an haɗa mata da wani.

Wata ma'aikaciyar jinya: In maganin colistin aka koma, ku sa ido a kan fitsarinsa da gwajin ƙoda, don yana taɓa ƙoda. Kada ku hana a ba shi abinci ta robar hanci, abincin yana rage tsallakawar ƙwayoyin hanji zuwa fankiriyas ɗin. Masu dubiya kuma a rage su, duk mai shiga ya wanke hannu.

Wani ɗan'uwa: Mun ga irin wannan da ƙanwata, watanta biyu a kwance, yanzu tana gida. Kada ku sayo wani magani daga kemis ku ba shi a ɓoye.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa Yaya, ya yarda gobe da safe mu je wurin babban likitan tare, mu yi maganar robar.