Mu daidaita sunan "reflection" na karatun yau da Hausa

'Yan'uwa cikin Kristi, salama. Akwai maganar da nake so mu ƙarasa ta, don ta daɗe tana yawo tsakaninmu daga Sabon Tasha zuwa Narayi har Kakuri. Wannan ɗan rubutun da ake turowa kowace safiya a ƙarƙashin karatun ranar, wanda muke ta ce wa "reflection", mene ne sunansa da Hausa? Karatu na fari da Hausa, Zabura da Hausa, Bishara da Hausa, amma da an zo kan abin da zai shiga zuciyar mutum sai a ɗora masa suna na Turanci, iyayenmu na Zumunta, ƙungiyar matan coci, da yara ke karanta musu a waya su yi ta tambaya wai me ke nan.

Da yawa sun ce a sa wa'azi kawai a huta. Ni kam ban yarda ba. A wurinmu Katolika wa'azin da ke bin Bishara a cikin Mas aikin Fada ne ko dikin, mataimakinsa, haka dokar Ikkilisiya ta ajiye, to abin da ni da kai muke rubutawa da asuba kafin mu fita nema ba shi ba ne. Kuma mai wa'azi jama'a yake fuskanta, wannan kuwa da kanka kake farawa.

Sharhi da tsokaci na 'yan rediyo ne, mai yin su a gefe yake tsaye. Tafsiri kuma bayanin ayoyi ne dalla-dalla, aikin malamai.

Wanda ya fi ƙarfi a cikin shawarwarin shi ne nazari, kuma Baba Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ne ya kawo shi, ya ce a duba Zabura 1:2 inda mai albarka yake nazarin shari'ar Ubangiji dare da rana. Baba, na ji hujjarku kuma ina girmama ta. Damuwata ita ce nazari ya riga ya sami gida, duk wanda ka ce wa akwai nazarin Littafi Mai Tsarki ya san zama ne da biro da takarda, ana tambaya ana amsawa. In muka ba abu biyu suna ɗaya mu ne za mu riƙa rikicewa wajen sanarwa ranar Lahadi.

Ni bimbini na zaɓa. Na san abin da za a ce, wai a Hausar yau da kullum bimbini na mai damuwa ne, wanda abu ya tsaya masa a rai yana ta nanata shi ya kasa bari. Tor ai abin da muke nema ke nan! Maganar Allah ta tsaya maka a rai ka kasa ajiye ta. A Luka 2:19 da makiyaya suka gama ba da labarinsu, Uwarmu Maryamu ba ta tashi ta yi wa kowa bayani ba, riƙe abubuwan ta yi tana juya su a zuciyarta. Masu zaman zuhudu na da can a Turai da tuƙar saniya suke kwatanta shi, ta haɗiye ciyawa da rana in ta kwanta ta dawo da ita ta sake taunawa, kuma a ƙarni na 12 wani daga cikinsu mai suna Guigo ya jera matakai huɗu, ka karanta, ka juya abin a zuciya, ka yi addu'a, sannan ka natsu a gaban Allah. Mataki na biyun nan shi muke nema wa suna.

Ku duba ma yadda aka tsara karatun. Tun 1969, bayan Taron Vatikan na Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, na Lahadi shekara 3 yake zagayawa, Matiyu, Markus, Luka, na ranakun mako kuma shekara 2. Wato aya ɗaya za ta yi ta dawo maka har tsufa. Matiyu 18, inda Bitrus ya tambayi sau nawa zai yafe, ka ji ta kana saurayi ba ta taɓa ka ba, yanzu kuma ta same ka da maƙwabcin da ya ci kuɗinka kuma kullum sai kun haɗu a bakin famfo ko cikin keke, za ka wuni a kasuwa tana ci maka rai, ka rasa yadda za ka gaishe shi da yamma. Wannan ba nazari ba ne 'yan'uwa, bimbini ne. Kuma ba baƙuwar kalma ba ce, masu bi da yawa a arewa sun saba cewa a yi bimbini a kan Maganar Allah.

Shawarata a rubuta "Bimbinin Yau" a saman rubutun, mai jagora ya ce "mu yi bimbini a kan Bishara". 'Yan'uwanmu na Kafanchan da Zariya, in akwai kalmar da kuka riga kuka saba da ita a cocinku ku faɗa mana, ina so mu tsaya a kan ɗaya kafin Lahadin Maganar Allah da Paparoma Francis ya kafa a 2019, wadda ke zuwa a watan Janairu.