Na rubuta sunan mahaifiyata a hannu, ga maganar aure ta taso: yaya zan yi da wannan tatu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 28, ina zaune a unguwar Mabera, Sakkwato. Shekara biyar da suka wuce ina aiki a Legas mahaifiyata ta rasu, ban samu jana'izarta ba. Cikin wannan ruɗewa na je aka rubuta mini sunanta da shekarar rasuwarta a cikin hannuna na hagu, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Da inji aka yi, baƙar tawada, tsawonsa kamar santimita 8, faɗi 2. Tun da na dawo gida ba na rabuwa da riga mai dogon hannu. Kwanan baya ina alwala a masallacin unguwa wani dattijo ya gani, ya ce ba ni da alwala balle salla. Ga shi an kai gaisuwar aurena, gidan yarinyar ba su sani ba. Wata biyu ke nan ina shafa wani mai da aka ce yana gogewa, sai wurin ya yi fari, rubutun ya ƙara fitowa. Wani aboki ya ce in sa ruwan batir ko ruwan ƙwallon kashu. Ina matsayin sallata? Ta wace hanya ake cirewa? In faɗa wa surukaina ko in yi shiru? Gaskiya kuma duk lokacin da na yi tunanin goge sunan sai in ji kamar zan ci amanarta.

Likitan fata:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama. Ɗan'uwa, tun kafin komai ka daina shafa man nan yau, kuma kada ruwan batir, sodar sabulu, ruwan kashu ko dutsen guga su kusanci hannunka.

Ga dalili. Fatar sama, wadda take saɓulewa ta sabunta kanta kusan duk wata, ba a cikinta tawadar take ba. Allurar inji tana kai ta zurfin milimita 1 zuwa 2, cikin fata ta biyu, inda ƙwayoyin garkuwar jiki suke haɗiye ta su riƙe. Babu man shafawa da ke isa can. Irin wanda ka sayo, yawanci sinadarin bilicin ne ko sitiroyid: ya kashe launin fatar sama, ya sirantar da ita, baƙin rubutun ya ƙara bayyana. Shi kuwa ruwan batir, kafin ya kai ga tawadar sai ya cinye duk abin da ke samanta. Sakamakonsa gyambo, sannan tabo mai siffar rubutun, wani lokaci da ragowar tawada a tsakiya. A cikin hannu kuma jijiyoyin da ke motsa yatsu ba su da nisa da fata.

Hanyoyin asibiti biyu ne. Ta farko na'urar leza. Haskenta yana farfasa tawadar, kamar a mai da tsakuwa yashi, sai jiki ya riƙa kwashe ɓurɓushin a hankali ta hanyar kaluluwa. Ga baƙar fata irin tamu, wadda ta dace ita ce Nd:YAG mai tsawon zango nanomita 1064, ko dai nau'inta da ake kira Q-switched ko wanda ake kira piko. Masu gajeren zango ba sa bambanta tawada da launin fatarmu sosai, sai su bar farin tabo. Ka yi sa'a taka baƙa ce, ita ta fi saurin fita. Kore da rawaya su ne masu taurin kai.

Ana barin mako 6 zuwa 8 tsakanin zama da zama. Rubutun inji yakan ci zama 6 zuwa 12. Ka lissafa da kanka: zama takwas, tazarar mako takwas, an haura shekara. Matsa zaman kusa da juna ba ya sa ya fita da wuri, ƙuna kawai yake ƙarawa. Kuma a ƙarshe ba kowa ke samun gogewa tas ba, wasu inuwar rubutun takan rage.

Ta biyu tiyata: a yanke fatar a ɗinke. Tsawo da faɗin naka za su iya yankuwa, amma za ka tashi da layin ɗinki da ya fi rubutun tsawo. Kafin in ce komai a kanta, ka gaya mini: kana da wani tsohon tabo da ya yi tudu, ya wuce iyakar ciwon da ya haifar da shi?

Ka fara da ganin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a duba ɓarnar da man ya yi. Fatar na buƙatar wata biyu zuwa uku ta dawo hayyacinta kafin a ɗora mata leza.

Malamin zaure:
Allah ya gafarta wa mahaifiyarka, ya sa Aljanna makoma. Ɗana, a raba maganar gida biyu, domin dattijon nan ya haɗa abin da ba a haɗawa.

Yin zanen haramun ne, wannan babu ja. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata, kuma malamai sun ce hukuncin ya haɗa maza. Risala ma da muke karantawa a zaurukan garin nan ta kawo hanin. Abin da ke kanka a nan tuba ne: nadama, da ƙudurin ba za ka ƙara ba.

Amma alwalarka da wankanka da sallarka ingantattu ne. Sharaɗi shi ne ruwa ya game fata, likita kuma ya riga ya bayyana cewa tawadar tana ƙarƙashi, ba ta tare komai. Abin da ke hana alwala shi ne mai kauri a bisa fata, irin fenti, jan farce ko zanen da ake mannawa. Shehu Nafarawi, a sharhinsa na Risala, ya ce wanda aka yi wa jarfa ba a kallafa masa gusar da ita da wuta, tana cikin abin da aka yi rangwame a kansa, kuma salla da ita ta inganta. Don haka babu ramuwar sallar shekara biyar a kanka. Kada wannan magana ta raba ka da jam'i.

Wani ɗan'uwa:
Malam, a gafarce ni, amma abin la'ana ne fa. Ni a ganina ko da wuƙa ne ya kankare shi, wahalar duniya ai ba ta kai ta lahira ba.

Malamin zaure:
A'a, ɗan'uwa, kada mu ɗora masa abin da shari'a ba ta ɗora ba. Ko malaman Shafi'iyya da suka fi tsanantawa, irin su Imamu Nawawi, cewa suka yi a cire idan zai yiwu ba tare da cuta ba. In ana tsoron lalacewar gaɓa ko mummunan tabo a inda ake gani, wajibcin ya faɗi, tuba ta wadatar. Ba a gusar da cuta da cuta. In yana da halin leza, kuma likita ya ce ba matsala, ya yi, shi ya fi. In babu hali, ya rufe, ya ci gaba da ibadarsa.

Sai batun cin amana da ka ambata, ɗana. Na fahimci zafin da ya kai ka, rashin ganin gawar uwa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai rubutun nan ba ya kai mata komai a kabari. Abin da ke isa gare ta hadisin Muslim ya faɗa: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi mata addu'a. Ka ajiye randar ruwa ko ka ja famfo a ƙofar masallaci da niyyarta, ka dasa itace, ka riƙa ziyartar 'yan'uwanta da ƙawayenta. In Allah ya ba ka 'ya mace ka sa mata sunan. Goge tawada ba goge uwa ba ne.

Hajiya Babba:
Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ya ce abin nan sai ya hi shekara, ke nan da shi za ka shiga ɗakin amarya. In ta gani da kanta daren farko, ba rubutun za ya ɓata mata rai ba, ɓoyon da kay yi ne, kuma daga nan sai ta fara tunanin mi kuma anka ɓoye mata.

Ka hwara da ita yarinyar, da rana, a zaure, ba ta waya ba. Ka naɗe hannun riga ta gani, ka ce sunan mahaifiyarka ne, ka faɗi halin da kake ciki lokacin da kay yi, da matakin da ka ɗauka yanzu. Sannan kada kai ka tunkari babanta. Ka sami baffanka ko kawunka, wanda ya kai gaisuwa, shi za ya sami waliyyinta su yi maganar manya. Ya tahi da amsa uku a bakinai: ba alamar ƙungiya ba ce, an tambayi malamai, an ga likita. Abin da iyaye ke tsoro ke nan, don mutanenmu in sunka ga zane a jikin saurayi, shaye-shaye da ƙungiyar asiri ke hwaɗo musu a rai. Kuma a yi wagga magana tun ba a sa rana ba. In sunka ji daga bakin 'yan unguwa, gyaranta ya yi wuya, ga shi wani ya riga ya gani a masallaci.

Ɗan wanzam:
Ina goyon bayan Hajiya. Kuma jama'a mu yi wa yaron nan adalci, zane a jiki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Gobirawa, Kabawa da Zamfarawa duk da tsagar gado aka san su, kakanninmu mata da yawa kuma suna da jarfar ado a fuska da wuya da hannu. Aska ake sawa a tsaga fata sama-sama, a goga baƙin tukunya ko garin gawayi, ya warke da launin a ciki. Ba wanda ya kalle su a matsayin 'yan iska, domin kowa ya san ma'anar abin. Na inji kuwa an san shi ne ta mawaƙan Turai da 'yan ƙungiya, shi ya sa ake yi masa wani kallo. Har a aikin gwamnati: sanarwar ɗaukar soja takan sa sharaɗin kada a sami tatu ko rubutu a jiki, ana kuma tuɓe riga a duba.

Gargaɗina ɗaya. Kada ka kai hannunka a tsattsaga a yi ƙaho wai a zuƙe tawadar. Ƙaho jini yake ja, tawadar tana maƙale cikin naman fata. Za ka dawo da rubutunka, ga tsaga a kai.

Malamin zaure:
Bayanin Ɗan wanzam gaskiya ne ta fuskar al'ada. Ta fuskar hukunci jarfar ado da ta inji ɗaya suke, sai dai wadda aka yi wa tana ƙarama babu laifi a kanta.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi gogewar gaggawa tunda aure za ka yi. In ba ka ga an ɓare sabuwar allura a gabanka an zuba tawada a sabon ƙoƙo ba, ka je a gwada jininka: ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da ƙanjamau. Ciwon hanta yakan zauna shekaru ba alama. Shekara biyar ta wuce, don haka gwaji ɗaya zai nuna gaskiya game da wancan zanen. In B ya nuna babu, ka karɓi rigakafi, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. In ya nuna akwai, ba a fasa aure don shi. A gwada amarya, a yi mata rigakafin, kai kuma likitan hanta ya riƙa bibiyarka. Nau'in C yanzu ana warkewa da ƙwayoyi na kimanin mako 12. Ka haɗa da gwajin sikila, ka huta da zuwa sau biyu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, wallahi ka sauke mini nauyi. Hajiya, zan sami kawuna cikin makon nan in sha Allah. Dakta, ina da wani tabo a ƙirji, ƙurji ne ya fito tun ina sakandare, ya warke ya bar tudu mai sheƙi kamar girman wake, yana ƙaiƙayi lokacin zafi. Shi kake nufi?

Likitan fata:
Bayaninka ya yi kama da kiloyid, wato tabon da ke yin tudu ya wuce iyakar ciwon, amma sai an gani da ido. In shi ne, ka ajiye maganar tiyata, domin layin ɗinki mai tsawon santimita 10 ko fiye zai iya tasowa ya fi rubutun muni. Cikin hannu bai kai ƙirji da kafaɗa haɗari ba, kuma in rubutun kansa ya warke sumul ba tudu, alama ce mai kyau. Ka shafa yatsa a kansa ka ji.

Leza ba ta haramta gare ka ba, sai dai da sharuɗɗa. Na'urorin sun fi yawa a asibitocin fata masu zaman kansu na Abuja da Legas, don haka ka nemi kuɗin zama guda, ka haɗa da na mota da masauki, ka ninka sau goma kafin ka fara. Wanda ya tsaya a zama na uku yakan tashi da rubutu dabbare-dabbare. Ka tambayi sunan na'urar da zangonta. In suka nuna maka ta cire gashi mai walƙiya irin ta gidajen kwalliya, ka tashi, ƙona baƙar fata take yi. Ka nuna musu tabon ƙirjinka, ka nace a gwada a kan harafi ɗaya da ƙaramin ƙarfi, a jira mako takwas. Dole a ba ka tabaran kariya, kai da mai aikin.

Bayan kowane zama wurin zai yi fari fat na 'yan mintuna, sannan ya kumbura, wani lokaci ya yi bororo. Ka ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma mai tsabta minti 10 zuwa 15, ka shafa Vaseline, ka rufe da bandeji, kana sauyawa kullum. Kada ka fasa bororo, kada ka ɓantare ɓawo. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yake warkewa. Zafin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, mugunya ko zazzaɓi, asibiti kai tsaye. In ka ji wurin ya fara tauri ko tudu, a dakatar da leza, a fara man silikon ko allurar da ake yi wa tabon duk mako huɗu zuwa shida.

Zafin ranar Sakkwato ma abin lura ne. Fatar da aka yi wa leza in ta sha rana baƙi take yi, don haka ka fara wajen Nuwamba, ba cikin zafin Maris da Afrilu ba, kuma dogon hannun nan ka ci gaba da shi, musamman a kan babur. In kana shan taba ka bari, tana rage saurin fitar tawadar.

Malamin zaure:
Ƙari kan maganar bandeji, tunda wurin gaɓar alwala ne: kwanakin da likita ya hana ruwa ya taɓa, ka wanke sauran hannun, ka shafi bisa bandejin da jiƙaƙƙen tafi sau ɗaya, a alwala da wanka duka. In bandejin ya faɗi ko ka sauya shi kana da alwala, ka mayar ka sake shafawa nan take. Ranar da aka cire shi gaba ɗaya sai ka koma wankewa.